Darasi: Takalmin Ƙarfafa Tsoka da Lafiyar Ƙafa

Manufofin darasi

Ana sa ran cewa idan mai koyo ya kammala wannan darasi zai iya yin abubuwa biyar:

1. Zai iya bayyana yadda ƙafa take aiki a lokacin tafiya, da kuma aikin da takalmi yake yi mata.
2. Zai iya gane takalmin da ake tallatawa da sunan ƙarfafa tsoka, ya kuma faɗi inda ya samo asali.
3. Zai iya faɗin abin da bincike ya gano game da alƙawuran da ake yi a kan wannan takalmi.
4. Zai iya lissafa yawan motsa jikin da yake yi a mako, ya gwada shi da abin da masana lafiya suka ba da shawara.
5. Zai iya zaɓen takalmin da ya dace da aikinsa, da ƙasar da yake takawa, da kuma lafiyar ƙafarsa.

1. Abin da ya sa batun ya shafi mazauna yankin

Gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, waɗanda suke cikin jihar Tahoua, wuri ne na noma da fatauci, kuma kasancewar Birnin Ƙonni a bakin iyakar Nijeriya, a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, ya sa kayan sawa iri-iri suna isowa kasuwanninsu, sababbi da na gwanjo. A cikin waɗannan kaya akan ga takalma masu kaurin ƙasa da lanƙwasa, kuma tallace-tallacen da ke yawo a wayoyin hannu ta Facebook da WhatsApp sukan jingina wa irinsu amfani mai yawa, kamar rage ƙiba da ɗaure tsoka da maganin ciwon baya. Tun da kuɗin da magidanci yake kashewa a kan takalmi yana fitowa ne daga aljihun da ake sayen hatsi da magani, wajibi ne a san ko waɗannan alƙawura suna da tushe kafin a saya.

2. Ƙafa da aikinta

Kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, tare da tsokoki da jijiyoyi sama da 100 waɗanda suke ɗaure su wuri guda suna kuma motsa su. Idan mutum ya yi taku ɗaya, dunduniya ce take fara taɓa ƙasa, sai nauyin jiki ya gangara ta tsakiyar tafin ƙafa zuwa gindin yatsu, sannan babban yatsa da tsokar sha-raɓa su tura jiki gaba ta hanyar agara. Kwarmin da ke tsakiyar tafin ƙafa yana ɗan buɗewa idan nauyi ya hau kansa, ya koma yadda yake idan an ɗaga ƙafa, kuma ta haka ne yake rage girgizar da za ta kai ga gwiwa da ƙugu da baya. Bayan wannan, fatar tafin ƙafa cike take da jijiyoyin ji, waɗanda suke sanar da ƙwaƙwalwa ko ƙasa tana da tauri ko santsi ko zafi, domin jiki ya gyara tsayuwarsa tun kafin ya faɗi.

Daga wannan bayani ake fahimtar cewa aikin takalmi na asali shi ne kariya, wato ya tsare ƙafa daga ƙaya da tsakuwa da zafin ƙasa da ƙwayoyin cuta, ba tare da ya hana gaɓoɓinta motsi ba.

> Akwatin kalmomi na 1
> Tsoka: naman jiki wanda yake tsukewa yana saki domin ya motsa ƙashi.
> Agara: ƙaƙƙarfar jijiyar da ta haɗa tsokar sha-raɓa da ƙashin dunduniya.
> Gaɓa: wurin da ƙasusuwa biyu ko fiye suka haɗu suna motsi.
> Daidaiton jiki: iya riƙe jiki a tsaye ko cikin tafiya ba tare da tangaɗi ko faɗuwa ba.

3. Mene ne takalmin ƙarfafa tsoka?

Takalmin ƙarfafa tsoka shi ne wanda aka ƙera ƙasansa da gangan domin ya hana mai sa shi tsayuwa daram. Wani irinsa yana da ƙasa mai kauri wadda ta lanƙwashe daga dunduniya zuwa yatsu kamar gindin ƙwarya, ta yadda ƙafa take lilo gaba da baya, wani kuma an dasa masa ƙulle-ƙulle masu laushi a ƙarƙashin dunduniya da gaban ƙafa. Hujjar masu ƙera shi ita ce, idan ƙasan takalmi ba ya zaune daidai, dole ne tsokokin ƙafa da cinya da ɗuwawu su ƙara aiki domin su riƙe jiki, kuma wannan ƙarin aiki, a cewarsu, zai ƙarfafa tsoka ya ƙone kitse ko da mutum bai canza komai a harkokinsa na yau da kullum ba.

Wanda ya fara shahara da irin wannan takalmi shi ne Karl Müller, injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya fito da takalmin MBT a 1996, ya kuma laƙaba masa sunan al'ummar Masai ta Kenya da Tanzaniya, bisa tunanin cewa tafiya ba takalmi a kan ƙasa mai laushi tana gyara tsayuwar mutum. A 2007 aka fito da silifa mai suna FitFlop a Ingila, sannan a 2009 manyan kamfanoni biyu suka shigo kasuwar, wato Skechers da takalminsa Shape-ups, da Reebok da nasa mai suna EasyTone. Cinikin ya bunƙasa cikin hanzari, har a 2010 kuɗin da aka sayi irin waɗannan takalma da shi a Amurka ya kusa dalar Amurka biliyan 1, kuma mata ne aka fi nufa da tallan.

> Akwatin kalmomi na 2
> Takalmin ƙarfafa tsoka: takalmin da aka yi wa ƙasa marar tsayuwa daidai, ake kuma tallata shi da cewa sa shi kawai yana ƙarfafa tsoka da rage ƙiba.
> Iƙirarin talla: amfanin da mai sayarwa yake jingina wa hajarsa, wanda yana iya zama gaskiya ko ƙari.

4. Yadda tsoka take ƙarfi da yadda kitse yake raguwa

Kafin a auna alƙawarin takalmi, ya kamata a san ƙa'idoji biyu na aikin jiki. Ƙa'ida ta farko ita ce, tsoka ba ta ƙara ƙarfi sai an ɗora mata aikin da ya zarce wanda ta saba, ana kuma ƙara mata shi kaɗan-kaɗan tsawon makonni, domin da zarar ta saba da wani nauyi sai ta daina ƙaruwa a kansa. Wannan ne ya sa matashin da ya fara dakon buhunan albasa a Galmi yakan sha ciwon jiki a makon farko, daga baya kuma buhun da ya gagare shi ya zama abin ɗauka cikin sauƙi. Lilon da takalmi mai lanƙwasa yake jawowa ɗan kaɗan ne, kuma ba ya ƙaruwa daga yau zuwa gobe, saboda haka jiki yakan saba da shi ba tare da ya bukaci gina sabuwar tsoka ba. Tsamin jikin da wasu suke ji a kwanakin farko na sa shi alama ce ta sauyin salon taku, amma ba ya nuna cewa tsoka tana ƙara ƙarfi.

Ƙa'ida ta biyu ita ce, kitse yana raguwa ne idan kuzarin da jiki yake kashewa ya fi wanda yake samu daga abinci, kuma idan ya tashi raguwa yakan ragu ne daga ko'ina a jiki, ba daga gaɓar da aka fi motsawa kaɗai ba. Don haka duk tallan da ya ce wani abin sawa zai narkar da kitsen cinya ko na tumbi shi kaɗai, ya saɓa wa yadda jiki yake aiki.

> Akwatin kalmomi na 3
> Kalori: ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci, da na kuzarin da jiki yake kashewa wajen aiki.
> Matsakaicin motsa jiki: aikin da yake ƙara bugun zuciya da numfashi, ta yadda mutum yana iya magana amma rera waƙa ya yi masa wuya, kamar tafiya da sauri ko noma da hauya cikin natsuwa.

5. Abin da bincike ya gano

A 2010 wata ƙungiyar masana motsa jiki ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da ACE, ta ɗauki nauyin wani bincike a Jami'ar Wisconsin da ke La Crosse, ƙarƙashin jagorancin Farfesa John Porcari. Masu binciken sun sa mata matasa 12 tafiya a kan injin tafiya a wuri ɗaya, sanye da takalman MBT da Shape-ups da EasyTone da kuma takalmin gudu na yau da kullum, suna auna bugun zuciyarsu da iskar da suke shaƙa da kalorin da suke ƙonawa. Sun kuma ɗauki wasu mata 12, suka manna musu na'urar da take auna aikin tsoka a sha-raɓa da cinya da ɗuwawu da baya da ciki. Sakamakon ya nuna cewa babu wani bambanci mai ma'ana tsakanin takalman guda huɗu, a ɓangaren ƙona kalori ko a ɓangaren aikin tsoka. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma gwajin na ɗan lokaci ne, amma ya auna ainihin abin da tallan yake iƙirari, bai kuma same shi ba. Wasu binciken sun gano ɗan ƙarin aiki a tsokokin da ke kewaye da idon sawu, musamman idan mutum yana tsaye wuri ɗaya, sai dai ƙarin aiki na ɗan lokaci daban yake da ƙarin ƙarfi mai ɗorewa.

Daga nan batun ya kai gaban hukumar Amurka mai kare masu sayayya daga tallan yaudara, wato FTC. Kamfanin Reebok ya yi tallan cewa EasyTone yana ƙara ƙarfin tsokar ɗuwawu da kashi 28 cikin 100, da na bayan cinya da na sha-raɓa da kashi 11 cikin 100 kowannensu, idan aka gwada da takalmin tafiya na yau da kullum. Hukumar ta ce babu hujjar da ta tabbatar da waɗannan alƙaluma, kuma a watan Satumba na 2011 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 25 domin mayar wa masu saye kuɗinsu. A watan Mayu na 2012 Skechers shi ma ya amince da biyan dala miliyan 40, kuma daga cikin abin da hukumar ta bayyana akwai cewa mai binciken da kamfanin ya kafa hujja da shi a tallansa mijin wata jami'ar tallan kamfanin ne, kuma kamfanin ne ya biya kuɗin binciken. Kamfanonin biyu sun yi sulhu ne ba tare da amsa laifi ba, amma an hana su sake yin irin waɗannan iƙirari sai da hujjar kimiyya.

Game da ciwon baya kuwa, wani bincike da aka yi a Ingila aka buga a 2013 ya raba masu daɗaɗɗen ciwon baya 115 gida biyu, aka ba wasu takalmi mai lanƙwasa, wasu kuma mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, aka bi halin da suke ciki har shekara guda, kuma ba a ga cewa mai lanƙwasar ya fi ɗayan amfani ba.

Misali na 1: Yadda ake tantance talla

A ɗauka cewa wata mai ɗinki a Birnin Ƙonni ta ga talla a wayarta, wanda yake cewa wani takalmi yana ƙara ƙarfin tsoka da kashi 28 cikin 100. Kafin ta ba da kuɗinta, akwai tambayoyi huɗu da suka kamata ta yi: da wane takalmi aka gwada shi, wane ne ya yi gwajin kuma wane ne ya biya shi, mutum nawa aka gwada, sannan tsawon wane lokaci aka bi su. Idan tallan bai amsa ko ɗaya daga ciki ba, sai dai hoton fitacciyar mace da lamba mai ɗaukar ido, to alƙalumansa ba su zama hujja ba tukuna.

Misali na 2: Lissafin kalori

Mutum mai nauyin kilo 60 yana ƙona kimanin kalori 200 idan ya yi tafiyar awa 1 da ɗan sauri a kan ƙasa mai tauri. A ƙaddara, domin lissafi kawai, cewa wani takalmi yana ƙara wannan da kashi 2 cikin 100.

Ƙarin da takalmin ya kawo: 200 × 2 ÷ 100 = kalori 4 a awa.

Ƙaramin cokalin sukari ɗaya yana ɗauke da kimanin kalori 16, wato ninki huɗu na wannan ƙari, kuma tun da kilo 1 na kitsen jiki yana daidai da kimanin kalori 7,700, sai an yi tafiyar awa 1,925 kafin ƙarin da takalmin ya kawo ya rage kilo ɗaya. Idan kuwa mutumin ya ƙara minti 10 a kan tafiyarsa da tsohon takalminsa, zai ƙona ƙarin kalori 33 ko kusa da haka, wanda ya ninka na takalmin sau takwas ba tare da an kashe ko dala ba. Wani abin lura kuma shi ne, bincike ya nuna cewa tafiya cikin busasshen rairayi mai laushi tana cin kuzari kusan ninki biyu na tafiya a kan daɓe, har ma fiye, saboda haka ƙasa mai laushin da masu ƙera takalmin suke ƙoƙarin kwaikwayo tana shimfiɗe a hanyoyin gonaki da gulabe na yankin.

6. Motsa jikin da ke da amfani na haƙiƙa

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Amfanin wannan ya tabbata wajen rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya, kuma a cikin shawarar babu sharaɗin wani nau'in takalmi. Hausawa sun ce motsi ya fi laɓewa, kuma a wannan batu motsin shi ne maganin.

Misali na 3: Lissafin mintunan mako

Wata mata a wani ƙauyen Dogerawa tana tafiyar minti 20 da sauri zuwa lambu, da minti 20 na dawowa, kwana 6 a mako: 40 × 6 = minti 240. Wannan ya shiga tsakanin 150 da 300, ban da daka da jan ruwa da suke ƙarfafa mata tsoka, don haka bukatarta ita ce takalmin da zai kare mata ƙafa.

Wani mai shago a Birnin Ƙonni yana zuwa ko'ina a kan babur, kuma tafiyarsa da sauri ba ta wuce minti 10 a rana: 10 × 7 = minti 70. Giɓin da ya rage masa shi ne 150 − 70 = minti 80, wanda zai iya cikewa da tafiyar minti 20 bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya, kwana 4 a mako. Ko wane irin takalmi ya saya, giɓin yana nan matuƙar yana zaune.

7. Inda lanƙwasasshen takalmi yake da amfani, da inda yake da haɗari

Rashin tabbatar alƙawarin talla bai sa lanƙwasasshiyar ƙasar takalmi ta zama marar amfani gaba ɗaya ba, domin likitocin ƙafa sun daɗe suna amfani da ita a matsayin kayan jinya. Tun da lanƙwasar tana mirgina ƙafa gaba ba tare da yatsu sun tanƙwara sosai ba, tana rage matsi a gaban tafin ƙafa, abin da yake taimaka wa mai ciwon sukari wanda gyambo yake yi wa barazana a wannan wuri, da mai sanƙarewar gaɓar babban yatsa. Sai dai irin wannan takalmi ma'aikacin lafiya ne yake zaɓa wa majinyaci bayan ya duba ƙafarsa, kuma manufarsa rage wa ƙafa aiki ce, wanda shi ne akasin abin da tallan yake faɗa.

Haɗarinsa kuwa yana fitowa ne daga siffar da ake yabonsa da ita, wato rashin tsayuwa daidai. Ƙasa mai kauri tana ɗaga ƙafa sama tana kuma rage jin abin da ake takawa, ta yadda idan ƙafa ta goce a kan dutse targaɗen yakan fi muni. Wannan ya fi shafar tsofaffi da mata masu juna biyu da masu jiri da masu ɗaukar kaya a ka, musamman a ƙasar Adar, wajen Illela da Badagishiri, inda tsaunuka da tsakuwa suka yi yawa. Haka kuma ɗan kabu-kabu yana bukatar jin birki da giya a ƙarƙashin ƙafarsa, abin da takalmi mai lilo yake rage masa.

> Akwatin kalmomi na 4
> Targaɗe: miƙewa ko yagewar jijiyoyin da suka ɗaure gaɓa, sakamakon murɗewarta ba zato.
> Rashin ji a ƙafa: lalacewar jijiyoyin ji, wadda ciwon sukari ko kuturta kan jawo, har mutum ya ji rauni bai sani ba.
> Gyambon ƙafa: miki wanda ya daɗe bai warke ba, yana kuma iya kai wa ga yanke ƙafa idan aka yi sakaci.

8. Takalmin da ya dace da aiki da ƙasa

Matsalolin ƙafa da suka fi damun mazauna yankin suna da alaƙa da abin da ƙafa take taɓawa. Manomin damina yana fama da ƙarangiya da tsidau da ƙayar bagaruwa, kuma raunin ƙaya ko na ƙusa yana iya buɗe hanya ga ciwon tetanus, mai sandarar da jiki da ɗaure muƙamuƙi, yayin da tsutsar ciki mai shan jini take shiga ta fatar wanda yake yawo ba takalmi a ƙasa mai danshi da ƙazanta, ta jawo masa ƙarancin jini. Saran maciji, musamman kububuwa, ya fi aukuwa a ƙafa da ƙauri, don haka rufaffen takalmi mai tsawo yana rage haɗarin a lokacin noma da girbi. Mai noman rani a filayen ban-ruwa na Ƙonni, waɗanda madatsun Mozage da Zongo na kwarin Maggiya suke shayarwa, yana bukatar dogon takalmin roba idan zai tsaya cikin ruwan magudana, domin ƙwayar tsargiya ta fata take shiga. Ma'aikacin masana'antar siminti ta Malbaza da magini da mai buga bulo suna bukatar rufaffen takalmi mai ƙarfe a baki wanda ruwa ba ya ratsawa, saboda faɗowar kaya masu nauyi, da kuma cewa jiƙaƙƙen siminti yana ƙona fata idan ya daɗe a kanta.

Ga tafiyar yau da kullum, takalmin kirki shi ne wanda ƙasansa take shimfiɗe kuma ba ta santsi, yana tanƙwara a gindin yatsu, yana riƙe dunduniya, bakinsa kuma yana da faɗin da yatsu za su sake. Takalmin fata da dukawa suke ɗinkawa, idan yana da maɗauri a baya da ƙasa mai ƙwari, yana cika yawancin waɗannan sharuɗɗa, kuma ya fi silifa tsaro a doguwar tafiya, tun da silifa tana tilasta wa yatsu maƙalewa domin kada ta fice.

Mai ciwon sukari yana da ƙarin ƙa'idoji. Bai kamata ya taka ƙasa ba takalmi ba ko a tsakar gida, musamman a bazara, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 rairayi kuma yake iya ƙona ƙafar da ba ta ji. Ya kamata ya girgiza takalminsa ya laluba cikinsa kafin ya sa, ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowace rana, kuma lokacin alwala dama ce ta yin wannan dubawa, da sharaɗin ya tsane tsakanin yatsun bayan ya gama. A lokacin ɗari, sa'ad da kaushi da faso suke yawa, shafa man kaɗanya a dunduniya yana tausasa fata, amma ba a sa shi tsakanin yatsu. Duk miki ko bororo ko kumburi ko sauyin launi da aka gani, a kai shi cibiyar kiwon lafiya mafi kusa ba tare da jinkiri ba, daga can kuma ana iya tura majinyaci asibitin gunduma ko asibitin Galmi, wanda yake aiki tun 1950.

Misali na 4: Awon takalmi a kasuwa

Ƙafa tana ɗan kumbura da yamma, don haka a lokacin ne ya fi dacewa a auna ta. Mai saye ya tsaya a kan takarda, a zana kewayen ƙafafunsa biyu, a auna wadda ta fi tsawo daga dunduniya zuwa ƙarshen yatsa mafi tsawo, sannan a ƙara santimita 1 zuwa 1 da rabi. Idan ƙafar ta kai santimita 25, tsawon cikin takalmin ya zama 26 zuwa 26 da rabi. Idan na gwanjo ne, a ɗora shi a kan tebur a dube shi ta baya, domin wanda ya karkace gefe ɗaya ya riga ya ɗauki salon takun mai shi na farko, kuma zai karkatar da ƙafar wanda ya gaje shi.

Taƙaitawa

Binciken masu zaman kansu bai tabbatar da cewa takalmin ƙarfafa tsoka yana ƙona ƙarin kalori mai ma'ana ko yana gina tsoka fiye da takalmin yau da kullum ba, kuma manyan kamfanoni biyu sun biya dala miliyan 65 a jimla saboda tallan da suka yi masa. Ƙasar takalmi mai lanƙwasa tana da gurbi a jinyar wasu cututtukan ƙafa bisa shawarar ma'aikacin lafiya, tana kuma da haɗari ga mai raunin daidaiton jiki. Ƙarfin jiki yana samuwa ne daga mintunan motsi da ake tarawa a mako, lafiyar ƙafa kuma daga takalmin da ya yi mata daidai ya kuma kare ta daga haɗarin wurin aikinta.

Tambayoyin bita

1. A faɗi yawan ƙasusuwa da gaɓoɓin da ke cikin ƙafa ɗaya, a kuma bayyana aikin kwarmin tafin ƙafa.
2. Wace hujja masu ƙera takalmin ƙarfafa tsoka suke kafawa, kuma wace ƙa'idar aikin tsoka ce ta raunana ta?
3. Me binciken Jami'ar Wisconsin na 2010 ya auna, kuma me ya gano?
4. Saboda me Reebok da Skechers suka biya kuɗi a 2011 da 2012, kuma nawa kowannensu ya biya?
5. A lissafa tambayoyi huɗu da ya kamata a yi wa kowane tallan da ya zo da alƙaluma.
6. Wani malamin makaranta a Tsernawa yana tafiyar minti 15 da sauri, kwana 5 a mako. Minti nawa ya rage masa ya kai 150, kuma ta yaya zai iya raba su a kwanakin mako?
7. Idan tsawon ƙafar mutum santimita 27 ne, nawa ya kamata tsawon cikin takalminsa ya zama?
8. A faɗi takalmin da ya dace da kowanne daga cikin waɗannan, tare da dalili: mai noman rani a bakin magudana, mai buga bulo, tsohuwa mai fama da jiri, da mai ciwon sukari wanda ƙafarsa ba ta ji.
9. Aikin rukuni: masu koyo su kasu uku-uku, kowane rukuni ya duba takalman da mambobinsa suka zo da su, ya auna su da sharuɗɗan da ke sashe na 8, sannan ya gabatar wa aji abin da ya gano.